Idan Yaro Ya Faɗi Jarrabawa, A Duba Inda Ya Yi Tuntuɓe

Kowace shekara, da zarar watan Agusta ya kama, gero ya fara fitar da kai a gonakin Tsafe da Bungudu, sai hankalin iyaye da yawa ya bar gona ya koma kan wani girbi dabam, wato sakamakon jarrabawar kammala sakandare. A Gusau za ka ga samari da 'yan mata sun yi cincirindo a shagunan kwamfuta na Tudun Wada da Sabon Gari, kowa riƙe da lambarsa a 'yar takarda, waɗansu kuma suna ta latsa waya hannu yana rawa. Kafin la'asar labari ya kai gida. A wani gida a rangaɗa guɗa, a yanka kaza, ran Lahadi kuma a fito gaban jama'a da rawa a yi godiya. A gidan da ke maƙwabtaka da su kuwa sai ka ji tsit kamar an yi rasuwa. An naɗe takardar an tura ta ƙarƙashin katifa, yaron ya daina fitowa dandali, ko sujada ma sai an yi da gaske yake zuwa, in ya zo kuwa ya zauna can bencin baya, ya sulale tun ba a tashi ba.

A kan wannan gida na biyu muke so mu yi magana yau, gama dukanmu mun san shi, waɗansunmu ma a cikinsa muke kwana. Ra'ayinmu shi ne, yaron da ya faɗi jarrabawa yana da hakki biyu a kanmu. Na ɗaya, kada mu kunyata shi. Na biyu, kada mu ruɗe shi. Abin da ya kamace mu shi ne mu zauna da shi, da takardar a hannu, mu bi ta layi layi har mu gano inda ya yi tuntuɓe. Faɗuwa ita kaɗai ba ta koya wa kowa komai. Mutum yakan faɗi sau goma a rami guda in bai tsaya ya dubi abin da ke kayar da shi ba.

Amma me muka saba yi? Mun lura da hanyoyi uku da iyaye suka fi bi, kuma duk ukun ba sa ɓullewa.

Hanya ta farko ita ce faɗa da gori. Uba ya lissafa wa yaro buhunan masara da aka sayar aka biya masa kuɗin makaranta, uwa ta nuna masa ɗan maƙwabta, ƙanne su mai da shi abin dariya. Mun san baƙin cikin uban da ya sayar da tunkiyarsa ya yi rajista, ba mu raina shi ba. Sai dai yaron da aka yi wa gori ba ya komawa ga littafi, tserewa yake yi daga inda ake tuna masa. A wannan jiha tamu kuwa inda yaro zai tsere ba shi da wuyar samu: tashar mota tana nan, ramin haƙar zinariya yana nan, masu sayar da ƙwaya suna nan, akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni a cikin daji. Idan yarinya ce, sau da yawa maganar aure ce take biyo baya tun ba a tambaye ta ko tana so ta sake gwadawa ba.

Hanya ta biyu ita ce ɗora laifi a kan maƙiya. A ce an yi wa yaro jifa, a ce wata gwaggo ce ta kama kansa, a yi ta yawo da shi wurin masu addu'a, littafin Lissafi kuwa yana nan da ƙurarsa ba wanda ya buɗe. Addu'a tana da wurinta, ba mu musa ba. Amma wanda ya yi addu'ar ruwan sama yakan kuma ɗauki fartanya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Hanya ta uku ita ce mafi haɗari, wato sayen sakamako. A tara kuɗi a kai yaro wata makaranta a lungu inda ake rubuta amsa a allo, ko a biya wani ya zauna a madadinsa. Wannan laifi ne a dokar ƙasa, a ƙarƙashin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, kuma kowace shekara hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon dubban ɗalibai saboda shi. Ko da ba a kama yaron ba, me muka koya masa? Mun koya masa cewa idan abu ya gagara, sai a sata. Takardar za ta shigar da shi jami'a, amma ba za ta zauna masa a aji ba, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mu kuma tambayi kanmu, wa zai so a yi wa ɗansa allura da hannun da ya sayi kiredit ɗin Kimiyyar Halittu?

To, in za mu bi hanyar bincike, daga ina za mu fara? Mu fara da gaskiyar da za ta sauke wa yaran nan wani sashe na nauyin: ba kowace faɗuwa ce laifin yaro ba. Ku dubi abin da ɗaliban Zamfara suka ratsa cikin 'yan shekarun nan. A 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe. A watan Satumba na shekarar, bayan an sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya. A 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Yaron da ya yi karatunsa cikin irin wannan hali, yau a aji gobe a gida, dare kuwa kunne a waje ana sauraron ƙarar babura, shi ne aka ba takardar jarrabawa iri ɗaya da ta yaron da bai taɓa fashin makaranta ba a Abuja. Idan ya kasa, adalci ne mu tuna da wannan kafin mu buɗe baki.

Daɗin daɗawa, akwai shekarun da ɗaliban makarantun gwamnati na jihar nan suka rubuta jarrabawa amma ba su ga sakamakonsu ba, domin jiha ba ta biya hukumomin WAEC da NECO kuɗinsu ba. Sai bayan da Gwamna Dauda Lawal ya hau mulki a 2023, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban shekarar, aka biya basussukan aka saki sakamakon da aka riƙe. Ba siyasa muke yi ba. Abin da muke nunawa shi ne, akwai matasan da aka yi wa kallon marasa amfani a gida, alhali kuwa takardarsu ce aka riƙe saboda bashin da ba su suka ci ba.

Su kansu hukumomin jarrabawa sukan yi kuskure. A 2025 ɗalibai wajen miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar JAMB, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Da koke ya yi yawa aka bincika, a ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. A watan Agustan shekarar kuma WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen maki, ta gyara, adadin ya koma kusan kashi 63. Ku yi tunanin yara nawa aka zaga, watakila har aka mara, a cikin waɗannan 'yan kwanaki. Darasi biyu ne a nan. Kada a yanke wa yaro hukunci ranar da sakamako ya fito. Kuma idan babbar hukuma za ta iya cewa "mun yi kuskure" a gaban duniya ta koma ta gyara, ashe ba abin kunya ba ne uba da ɗa su faɗi haka a tsakar gidansu.

Bayan mun cire abin da ba laifin yaro ba, sai mu dubi abin da ya rage, nan kuma ne ake bukatar gaskiya mai ɗaci. Takardar sakamako kamar takardar likita take, tana faɗin inda ciwo yake ga wanda ya iya karanta ta. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 tsallakewa ce kawai wadda ba ta isa shiga jami'a, F9 ita ce faɗuwa. Abin da manyan makarantu suke nema shi ne kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki. Saboda haka yaron da ya sami kiredit shida amma ya yi D7 a Turanci bai "faɗi jarrabawa" ba kamar yadda ake faɗa a unguwa. Darasi guda ne ya kuɓuce masa da ɗan taki. Maganinsa dabam ne da na wanda ya yi F9 a darussa bakwai. Idan muka haɗa su muka kira su duka faɗaɗɗu, mun zama kamar mai ba da maganin zazzaɓi ga wanda ƙaya ta soka.

A tambayi yaron cikin natsuwa: a Turancin, rubutun insha'i ne ya gagara, ko taƙaita labari, ko fahimtar abin da aka karanta? A Lissafi, wane babi ne ba a taɓa koya musu ba? Lokaci ne ya ƙare masa, ko tsoro ne ya kama shi? Yaushe ya fara karatu da gaske, tun farkon shekara ko saura wata guda? Awa nawa waya take ci masa kowace rana? Sa'an nan mu iyaye mu juyo da tambayar kanmu. Mun saya masa littattafan da aka ce a saya? Akwai fitila a ɗakin? Yarinyar da ta dawo makaranta ta ɗauki tiren talla, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wanke-wanke, da wane ƙarfi za ta buɗe littafi ƙarfe tara na dare? Sau nawa muka taka zuwa makarantar muka ga malaminsa a cikin shekara shida? WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, inda take bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowane darasi, amma ɗalibai nawa ne aka taɓa nuna musu shi?

Mu mutanen Zamfara bai kamata a koya mana amfanin neman sanadi ba, gama mun biya kuɗin wannan darasi da tsada ƙwarai a wani fannin. A 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da fari waɗansu sun ɗauka zazzaɓi ne, waɗansu kuma sun ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana su haƙar zinariya. Sai da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka auna jinin yaran da ƙasar gidajen, aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Kafin a shawo kan abin, yara aƙalla 400 sun rasu. Da aka san sanadi kuwa aka san magani: aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙan dutse bayan gari, aka yi wa dubban yara magani, garin Bagega ma aka share shi a 2013. Duk da haka a 2025 an sake jin rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu, abin da ke nuna cewa darasin da ba a riƙe ba yakan dawo a sake biyansa. Ba muna daidaita jarrabawa da rai ba ne. Amma ƙa'idar guda ce: ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da aka ɓoye ba ya warkewa.

Mun san abin da wani uba zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, "Malam, kuna magana kamar kuɗin rajista a ƙasa ake tsinta. Ina da 'ya'ya biyar a bayansa, gonata ta nesa ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, sau nawa zan biya wa mutum ɗaya?" Wani kuma zai ce ba kowane yaro aka yi don jami'a ba. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a yi ta maimaitawa ido rufe ba. Mun ga yaran da suka zauna jarrabawa sau huɗu, da littafi guda, da shiri guda, suka kuma sami sakamako guda. Wannan ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar shekaru.

Manomin Bungudu ya fi mu sanin wannan. Idan ruwan farko ya yaudare shi, ya yi shuka ta tsiro rana ta ƙone ta, ba ya barin gonar, ba ya kuma zagin ƙasa. Yakan jira ruwa ya zauna ya sake shuka. In kuwa ya ga damina ta yi nisa, ba zai nace wa irin da ke daɗewa ba, sai ya nemi mai saurin nuna, ko ya sa wake. Gonar dai ba za ta kwana banza ba. Haka ya kamata mu yi da yaro: a sake gwadawa, amma a canza abin da ya kawo faɗuwar, in kuma ta bayyana cewa baiwarsa tana wani wuri, a bi ta can ba tare da jin kunya ba.

Ƙofofin kuwa suna da yawa fiye da yadda iyaye suka sani. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta. NECO tana da tata wajen Nuwamba da Disamba. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe a yawancin fannoni, saboda haka wanda Turanci ne kaɗai ya kayar da shi sai ya zuba ƙarfinsa a kan Turanci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, nan gaba da Tsafe kaɗan. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Gusau wadda take horar da mata, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Tsafe, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Mai son sana'ar hannu kuma akwai jarrabawar NABTEB da za ta ba shi takardar shaida a kan aikin lantarki, ko kafinta, ko gini, ko gyaran mota. Wanda ya iya haɗa wutar sola da kyau a Gusau yau ba ya kwana da yunwa, kuma ba wanda yake tambayarsa abin da ya ci a Adabi.

Saura mu a matsayin jama'a. Muna da al'adar kiran waɗanda suka ci jarrabawa gaba a tafa musu, wannan yana da kyau, a ci gaba. Amma wa yake zuwa gidan wanda bai ci ba? A cikin kowace ikkilisiya ta Gusau akwai malaman makaranta, da masu ritaya, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, ga kuma bencina da ke zaune wofi daga Litinin zuwa Asabar. Me zai hana a buɗe ajin yamma na Turanci da Lissafi, kwana uku a mako, ƙofa a buɗe ga kowane yaro na unguwa, namu da na maƙwabtanmu Musulmi? Me zai hana zumuntar mata da ta maza su ware wani abu kowace shekara don biya wa yara biyu ko uku marasa hali kuɗin sake rajista, da sharaɗin cewa za su riƙa zuwa ajin? Idan muna iya tara kuɗin anko da na lasifika, wannan ma ba zai gagare mu ba. Ku tuna da Yohanna Markus, saurayin da ya juya baya a tsakiyar tafiya har Bulus ya ƙi sake ɗaukarsa. Barnaba ne ya riƙe shi ya sake ba shi dama, daga baya kuma Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi domin ya ga amfaninsa. Kowace unguwa tana da irin Markus. Barnaba ne yake ƙaranci.

Ku kuma 'ya'yanmu, ga tamu maganar a gare ku. Baƙin cikin da kuke ji daidai ne, alama ce cewa kun damu da rayuwarku. Ku yi kukanku kwana biyu, amma kada ku kulle kanku a ɗaki. Idan tunani ya yi muku nauyi har kuka fara jin rayuwa ba ta da amfani, ku faɗa wa wani babba da kuka amince da shi a ranar, kada ku bari sai gobe. Babu takardar da ta kai ranku daraja. Sa'an nan ku yarda a faɗa muku gaskiya, ko da ta shafi wayarku da abokanku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Jihar nan da muke ciki ita ma ba a karo na farko aka same ta ba. Dattawa sun daɗe suna nema. A 1991 aka yanki Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Zamfara ta tashi hannu wofi. Ba su naɗe takardunsu sun tura ƙarƙashin katifa ba, suka koma suka sake shiri, sai ga shi ranar 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birnin jiha. Shekara biyar suka ƙara jira. Yaronmu kuwa watanni kaɗan ne tsakaninsa da zama na gaba.

Saboda haka, 'yan'uwa, a cikin makon nan a ɗaga katifar a ciro takardar. A kira yaron bayan an ci tuwon dare, ƙanne sun yi barci, a kunna fitila, a ce masa, "Zo mu duba tare." Allah ya ba mu haƙuri da hikimar yin haka, ya kuma kawo mana zaman lafiya a Zamfara, yaranmu su yi karatu hankali kwance.